Sidiki Kaba: tambayoyi da amsoshi kan lauyan Senegal da ya kai Habré ƙara, daga baya ya zama ministan Macky Sall

Duk mai bin labaran safe a rediyo tsakanin 2015 da 2017 ya sha jin sunan Sidiki Kaba, ko dai ana batun shari'ar Hissène Habré, tsohon shugaban Chadi, a Dakar, ko ana batun ƙasashen Afirka da ke barazanar ficewa daga kotun duniya ta Hague. Sunan ya sake dawowa a Maris na 2024, wannan karon a matsayin firaministan Senegal na 'yan makonni. Ga tambayoyin da mutane suka fi yi a kansa.

Wane ne shi?

Lauya ne ɗan Senegal, haifaffen Tambacounda da ke gabashin ƙasar, a 1950. Ya yi jami'a a Abidjan da Dakar, ya fara aikin lauya a 1980. A Dakar ba a kiran sunansa gatsal, sai an ce "Metir Kaba", laƙabin da ake ba kowane lauya a ƙasashe masu aiki da Faransanci, kamar dai yadda ake yi a Yamai da Njamena. Ya shugabanci ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta ONDH a gida daga 1995 zuwa 2000, sannan ya shugabanci FIDH ta duniya daga 2001 zuwa 2007. Cikin 'yan siyasar da ya tsaya wa a lokacin da suke cikin tsaka mai wuya akwai Alassane Ouattara na Kodebuwa da Idrissa Seck, tsohon firaministan Senegal.

A Satumban 2013 ya shiga gwamnatin shugaba Macky Sall na Senegal, bai kuma fita ba sai ranar da gwamnatin ta sauka a Afrilun 2024. Ya riƙe ma'aikatar shari'a, da ta harkokin waje, da ta tsaro, da ta cikin gida, daga ƙarshe ya zama firaminista.

Mece ce FIDH, kuma me ya raba ta da Amnesty?

Gajeren suna ne na Faransanci, ma'anarsa tarayyar ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam ta duniya. An kafa ta a 1922, hedikwatarta na Paris. Ta girmi Majalisar Ɗinkin Duniya da shekara 23, ta girmi Amnesty da 39.

Amnesty gida ɗaya ce mai rassa a ƙasashe. FIDH kuwa zaure ce da ƙungiyoyi sama da 180 masu cin gashin kansu ke haɗuwa a ciki. ANDDH ta Nijar, LTDH da ATPDH na Chadi, da CLO ta Najeriya duk 'yan wannan zaure ne. Idan an kama ɗan jarida a Bangui, ko an buɗe wa masu zanga-zanga wuta a Conakry, ƙungiyar gida ce ke bin asibiti da maƙabarta tana tattara sunaye, FIDH kuma ta ɗauki maganar ta kai Geneva, ko Banjul inda hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta Afirka take, ko gaban wani alƙali a Turai.

An zaɓi Kaba a babban taron Casablanca a Janairun 2001, ya gaji Patrick Baudouin. Shi ne ɗan Afirka na farko da ya hau kujerar bayan kusan shekara 80 tana hannun Turawa. Aka sake zaɓarsa a Quito a 2004. Wadda ta gaje shi a 2007, Souhayr Belhassen 'yar Tunisiya, ita ce mace ta farko.

Me ya yi a shekaru shida na shugabancinsa?

Wata takwas da hawansa aka kai harin 11 ga Satumba a Amurka, gwamnatoci suka sami sabon uzuri: duk wanda ake son ɗaurewa sai a liƙa masa ta'addanci. Ga yaƙin Kodebuwa a 2002, ga Darfur daga 2003. Aiki bai yi masa kaɗan ba.

Amma abin da aka fi tuna FIDH ta wancan lokaci da shi shi ne bin masu azabtar da mutane har ƙasashen da suke tsammanin sun tsira. Akwai ƙa'ida a dokar duniya da ke cewa wasu laifuffuka, irin su azabtarwa da kisan ƙare dangi, kowace ƙasa na da hurumin hukunta su ko da ba a ƙasarta aka aikata ba. Kama Pinochet na Chile a Landan a Oktoban 1998 ne ya nuna wa lauyoyi cewa ƙa'idar na iya tashi daga takarda ta kama mutum. Ɗauki misalin Ely Ould Dah, wani kyaftin na sojan Mauritaniya. Ya je Faransa kwas a 1999, FIDH da takwararta ta Faransa suka shigar da ƙara cewa ya azabtar da sojoji baƙaƙen fata a 1990 da 1991. Aka kama shi, aka ba da belinsa, ya sulale ya koma gida. Duk da haka a Yulin 2005 wata kotu a Nîmes ta yanke masa shekara 10 a bayan idonsa. Haka kuma a Disamban 2001 ƙungiyar ta shigar da ƙara a Faransa kan mutane sama da 350 da suka yi ɓatan dabo a tashar jiragen ruwa ta Brazzaville a 1999, bayan sun dawo daga gudun hijira a Kinshasa.

Ina ruwan lauyan Senegal da Habré na Chadi?

Ruwansa shi ne Habré ya zo ya zauna masa a gari. Ya mulki Chadi daga 1982 zuwa Disamban 1990, lokacin da tsohon kwamandansa Idriss Déby ya kore shi. Ya bi ta Kamaru ya sauka Dakar, ya gina gida, ya yi abokai cikin manyan gari, yana zaune lafiya lau. A bayansa ya bar abin da hukumar binciken Chadi ta ƙiyasta a 1992 da cewa rayuka 40,000 ne. 'Yan sandan cikinsa, DDS, sun bi 'yan kudu a 1984, Hajarai a 1987, Zagawa a 1989. A Njamena akwai wani wurin wanka na zamanin Turawa da aka rufe samansa da kankare aka mai da shi kurkukun ƙarƙashin ƙasa. Duk wannan Amurka da Faransa na mara masa baya, saboda yana yaƙar Gaddafi.

Wani ma'aikaci mai suna Souleymane Guengueng, wanda ya kusa mutuwa a tsare, ya yi alkawarin in ya fita da rai sai ya nemi haƙƙi. Da ya fito ya riƙa bin mutane ɗaya bayan ɗaya yana rubuta abin da ya same su, har ya tara bayanan mutum 792 ya ɓoye a gidansa. A Janairun 2000 wasu 'yan Chadi suka zo Dakar suka shigar da ƙara, da tallafin Human Rights Watch da FIDH da ƙungiyoyin gida. Kaba na cikin lauyoyin Senegal da suka tsaya musu. Ranar 3 ga Fabrairu alƙali Demba Kandji ya tuhumi Habré, ya sa masa ɗaurin talala a gida.

Murna ta koma ciki da wuri. A Maris Abdoulaye Wade ya ci zaɓe, aka ɗauke alƙalin daga kan shari'ar, a Yuli kotun ɗaukaka ƙara ta soke tuhumar, a Maris na 2001 babbar kotu ta ce Senegal ba ta da hurumi. Daga nan aka shiga shekaru goma sha ɗaya na jeka-ka-dawo. Masu ƙara suka tafi Beljiyam, ta ba da sammaci a 2005, Senegal ta ƙi miƙa shi. A 2006 Tarayyar Afirka ta ce Senegal ta yi masa shari'a da sunan Afirka. Wade ya ce sai an ba shi Yuro miliyan 27 tukuna. A 2011 ma ya ce zai mayar da shi Chadi, inda tuni aka yanke masa hukuncin kisa a bayan ido, sannan ya janye. Lauyar masu ƙara, Jacqueline Moudeina, an jefa mata gurneti a Njamena a 2001, ta sha da ƙyar. Da yawa daga cikin waɗanda suka fara tafiyar sun rasu a hanya.

Abin da ya kwance ƙullin shi ne 2012: Wade ya faɗi zaɓe, sannan ranar 20 ga Yuli kotun duniya mai sasanta ƙasashe ta ce wa Senegal ko ta gurfanar da shi ba tare da ɓata lokaci ba, ko ta miƙa shi.

To shi Kaba ne ya kafa kotun da ta ɗaure Habré?

A'a. Wannan yabo na Aminata Touré ne, ministar shari'a ta farko a gwamnatin Macky Sall. Ita ta sa hannu da Tarayyar Afirka a Agustan 2012, aka buɗe kotun ta musamman a Fabrairun 2013, aka kama Habré ranar 30 ga Yuni. Da aka ɗaga ta zuwa firaminista a Satumba ne Kaba ya gaje ta. Nasa rabon shi ne riƙon ragamar ma'aikatar tun daga bincike har zuwa hukuncin ƙarshe.

Magoya bayan Habré sun yi ta ƙorafi: ta yaya lauyan masu ƙara na jiya zai zama ministan shari'a na yau, a ce za a yi adalci? Tambayar tana da ƙamshin gaskiya. Sai dai a tuna a zamanin Wade an yi akasin haka. Madické Niang, lauyan Habré, shi ma ya zama ministan shari'a a 2008, daga baya ministan harkokin waje, kuma a wancan lokacin shari'ar ko motsi ba ta yi. Kujera ɗaya, lauyoyi biyu na ɓangarori biyu, kowa a zamaninsa. Kotun dai an tsara ta yadda ba 'yan Senegal kaɗai ke zama ba: Gberdao Gustave Kam na Burkina Faso ne ya shugabanci zaman farko, ɗan Mali kuma ya shugabanci ɗaukaka ƙara.

Yaya shari'ar ta kasance?

An fara ranar 20 ga Yulin 2015. Habré ya ce bai yarda da kotun ba, sai da ƙarfi aka shigo da shi, cikin fararen kaya da rawani ya rufe fuska, ga baƙin tabarau, yana ɗaga murya. Lauyoyinsa suka ƙaurace, kotu ta naɗa masa wasu, ta ba su kwana 45 su karanta takardu. Da aka dawo ranar 7 ga Satumba, ciccibarsa jami'an tsaro suka yi suka ajiye a kujera. Daga nan har ƙarshe bai tanka wa alƙalai ba. Shaidu 93 suka wuce ta gabansa, wasu na nuna tabon jikinsu, wasu mata na faɗin abin da aka yi musu a sansanin soja a hamada, abin da suka shekara kusan 30 suna haɗiyewa. Yana zaune, ko juyowa ba ya yi.

Hujjar da ta fi kama shi daga gidansa ta fito. A 2001 masu bincike na Human Rights Watch suka shiga tsohuwar hedikwatar DDS a Njamena suka tarar da takardu zube a ƙasa, ƙura ta rufe. A ciki akwai sunayen mutum 1,208 da aka kashe ko suka mutu a tsare, da 12,321 da aka ci zarafinsu, da rahotannin da ake aika wa shugaban ƙasa kai tsaye.

Ranar 30 ga Mayun 2016 aka yanke masa ɗaurin rai da rai. Kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar ranar 27 ga Afrilun 2017. Wannan ne karo na farko da kotu a wata ƙasa ta sami tsohon shugaban wata ƙasa da laifin cin zarafin bil Adama. Habré ya rasu a Dakar ranar 24 ga Agustan 2021 bayan ya kamu da korona.

An ce ya shugabanci kotun ICC. Alƙali ne?

Ba alƙali ba ne. Kotun hukunta manyan laifuka ta duniya, ICC, wadda a Nijar da Chadi aka fi sani da CPI, tana da majalisar ƙasashen da suka amince da yarjejeniyar Roma. Majalisar ce ke zaɓen alƙalai da mai gabatar da ƙara, ita ke yanke kasafin kuɗi. Wannan majalisa Kaba ya shugabanta daga Disamban 2014 zuwa Disamban 2017, yana kuma riƙe da muƙaminsa na minista a gida. Shi ne ɗan Afirka na farko a kujerar. Ba abin mamaki ba ne ta faɗo wa Senegal, domin ita ce ƙasa ta farko a duniya da ta tabbatar da yarjejeniyar, ranar 2 ga Fabrairun 1999.

Aikin lallashi ne zalla: ba ka da ikon kama kowa, ba ka da ikon sakin kowa, sai baki.

Wa ya lallasa, kuma ya yi nasara?

Ya hau ne lokacin da dangantakar kotun da shugabannin Afirka ta yi tsami. Akwai sammacin Omar al-Bashir na 2009 da 2010, wanda ƙasashe ke kawar da kai a kansa: Chadi ta karɓe shi a 2010, ya zo Abuja a 2013, a Yunin 2015 kuma ya fice daga Afirka ta Kudu alhali kotun ƙasar ta ce kada ya fita. Akwai shari'ar Uhuru Kenyatta da William Ruto da ta wargaje. Akwai Laurent Gbagbo a tsare a Hague tun 2011. Ƙorafin a fili yake: me ya sa kusan duk waɗanda ake tuhuma baƙaƙen fata ne, ga Amurka da Rasha da Sin ko shiga ba su yi ba, amma suna zaune a Kwamitin Sulhu suna tura wasu?

A Oktoban 2016 Burundi da Afirka ta Kudu da Gambiya ta Yahya Jammeh suka sanar da ficewa a jere, aka fara tsoron za a yi tururuwa. A taron Nuwamba a Hague, Kaba bai musa ƙorafin ba. Ya amince akwai rashin daidaito, ya roƙe su su tsaya a gyara daga ciki, ya kuma sa aka ware zama na musamman kan Afirka da kotun. Hujjarsa kullum ita ce kotun Hague mafaka ce ta ƙarshe, duk ƙasar da ke hukunta nata masu laifi ba ta da abin tsoro. Yana faɗin haka da ƙarfin gwiwa domin wata shida kafin nan aka ɗaure Habré a garinsa.

A ƙarshe Burundi kaɗai ta fita, a Oktoban 2017. Amma kada a ɗora masa abin da ba nasa ba: Gambiya ta dawo ne saboda Jammeh ya faɗi zaɓe, Afirka ta Kudu kuma kotunta ce ta ce gwamnati ba ta bi ta majalisa ba. Inda muryar Senegal ta yi tasiri shi ne taron Tarayyar Afirka na Janairun 2017, inda ita da Najeriya da wasu suka ƙi amincewa da shirin ficewa a dunƙule. A zamaninsa ne kuma Nijar ta miƙa Ahmad al-Faqi al-Mahdi ga kotun a Satumban 2015, wanda aka ɗaure shekara tara kan rusa hubbaren waliyyan Tumbutu. Shekara goma bayan haka, a Satumban 2025, Nijar ɗin da Mali da Burkina Faso suka sanar da nasu ficewar.

Me ake nufi da cewa jami'in diflomasiyya ne na duniyar Faransanci?

Ƙasashen da ke aiki da Faransanci suna da ƙungiyarsu, OIF, wadda tushenta a Yamai aka kafa ranar 20 ga Maris 1970, da ƙoƙarin Diori Hamani da Senghor na Senegal da Bourguiba na Tunisiya. Abdou Diouf, tsohon shugaban Senegal, ya jagorance ta daga 2003 zuwa 2014. Bayan ƙungiyar akwai wata hanyar sadarwa da ba a rubuta ba: lauyoyi da alƙalai da jakadu da suka karanta doka iri ɗaya, suna magana da harshe ɗaya daga Dakar zuwa Paris, Brussels, Geneva da Montreal. A wannan duniya Kaba ya girma, FIDH ma 'yar gidan ce.

Ya riƙe ma'aikatar harkokin waje daga Satumban 2017 zuwa Afrilun 2019. Wata 19 ne marasa hayaniya. A ciki aka yi taron Yerevan na Oktoban 2018 inda aka zaɓi Louise Mushikiwabo ta Ruwanda ta gaji Michaëlle Jean a shugabancin OIF, aka buɗe gadar Farafenni kan kogin Gambiya a Janairun 2019, jakadan Senegal Coly Seck kuma ya shugabanci majalisar kare haƙƙin ɗan Adam ta Majalisar Ɗinkin Duniya a 2019.

Me ya sa 'yan Senegal suka cika irin waɗannan kujeru?

Ƙasa ce da soja bai taɓa yin juyin mulki ba, kuma Senghor ya gane tun da wuri cewa ƙasar da ba ta da ƙarfin soja ko dukiya mai yawa, jarinta shi ne mutanen da take turawa waje. Kéba Mbaye ne ya jagoranci rubuta yarjejeniyar haƙƙin ɗan Adam ta Afirka ta 1981. Amadou-Mahtar M'Bow ya riƙe UNESCO daga 1974 zuwa 1987. Pierre Sané ya riƙe Amnesty daga 1992 zuwa 2001, ma'ana a farkon 2001 an yi 'yan watanni Amnesty da FIDH duka suna hannun 'yan Senegal.

Daga ina aka fara sukarsa?

Daga shari'o'in 'yan adawa. Yana ministan shari'a wata kotu ta musamman ta ɗaure Karim Wade, ɗan tsohon shugaban ƙasa, shekara shida a Maris na 2015 kan tara dukiya ta haramtacciyar hanya. Kotun na ɗora wa wanda ake tuhuma nauyin nuna inda ya samo dukiyarsa, kuma ba a ɗaukaka ƙara kan gundarin hukuncinta. Ƙungiyoyin kare haƙƙi, har da FIDH da ya baro, sun soki wannan tsari, wani kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya kuma ya ce tsare Karim ya saɓa ƙa'ida. A Maris na 2017 aka kama magajin garin Dakar, Khalifa Sall. A 2018 kotun ECOWAS ta ce an take masa haƙƙin samun shari'ar adalci. Su biyun an hana su takara a 2019, Macky Sall ya zarce.

Ba wai mutanen nan ba su da tambayoyin da za su amsa kan kuɗin jama'a ba. Abin da ya dami mutane shi ne yadda takobin ke faɗawa kan masu iya kayar da shugaba kaɗai, kuma wanda ke fitowa yana kare gwamnati shi ne mutumin da a da yake tsaya wa irinsu.

Lauyan kare haƙƙi a ma'aikatar tsaro?

Haka aka yi, daga Afrilun 2019 zuwa Oktoban 2023. A zamaninsa soja suka kai farmaki kan sansanonin madugun 'yan tawaye Salif Sadio a yankin Casamance a Maris na 2022. Mutanen Nijar kuma za su tuna Agustan 2023, bayan hamɓarar da Bazoum, lokacin da Senegal ta ce za ta ba da soja idan ECOWAS ta yanke shawarar shiga. Ministar harkokin waje Aïssata Tall Sall ce ta faɗa, amma sojan da ake magana a kansu suna ƙarƙashin ma'aikatar Kaba. Jandarmomi ma a Senegal a ƙarƙashinta suke, su ne kuma tare da 'yan sanda suka fuskanci matasa a zanga-zangar Maris 2021, inda mutum 14 suka mutu, da ta Yunin 2023, inda gwamnati ta ce 16, Amnesty ta ce 23.

Me ya faru a watanninsa na ƙarshe?

A Oktoban 2023 aka kai shi ma'aikatar cikin gida, wadda ke shirya zaɓe. Madugun 'yan adawa Ousmane Sonko na tsare, an rusa jam'iyyarsa, an cire sunansa daga rajista. Kotu a Ziguinchor ta ce a mayar da sunan, wata a Dakar ta maimaita a Disamba, amma ofishin zaɓe da ke ƙarƙashin ma'aikatar bai ba wakilinsa takardun neman tsayawa ba. Ranar 3 ga Fabrairun 2024 Macky Sall ya ɗage zaɓen 25 ga wata. Majalisa ta mai da shi Disamba bayan jandarmomi sun fitar da 'yan adawa daga zauren. Aka hana jerin gwano, aka katse intanet na waya, aka rasa rayuka, har da ɗalibin jami'a a Saint-Louis. Ranar 15 ga Fabrairu kotun tsarin mulki ta soke ɗagewar.

Ranar 6 ga Maris aka naɗa Kaba firaminista domin Amadou Ba, da ke kan kujerar, ya tafi yaƙin neman zaɓe. A ranar ce majalisa ta yi dokar afuwa kan abubuwan da suka faru daga 2021 zuwa 2024. Dokar ta buɗe wa Sonko da Bassirou Diomaye Faye ƙofar kurkuku, ta kuma rufe ƙofar kotu ga iyalan mutane sama da 60 da aka kashe. Aka yi zaɓe ranar 24 ga Maris cikin azumi, lami lafiya, Faye ya ci da kashi 54 cikin ɗari tun zagayen farko. Kaba ya miƙa ofis ga sabon firaminista Sonko, wanda ƙasa da wata guda kafin nan yake gidan yarin Cap Manuel, inda Habré ya yi nasa zaman.

To, ya ci amanar abin da ya fara ne?

A ganina kalmar ta yi nauyi, amma tambayar ba ta wuce gona da iri ba. Akwai abin da ɗan fafutuka ba zai taɓa iya yi daga waje ba. Shekara goma sha biyu ana rubuta rahoto kan Habré, ana taron manema labarai, ba a kai ga yi masa shari'a ba sai da aka sami gwamnatin da ta so, da ministocin da suka san takardun ciki da bai. Wanda ke cewa mai kare haƙƙi kada ya kusanci mulki, ya fara amsa wannan.

Sai dai kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Minista ba ya fitowa ya ce shugabansa ya yi kuskure, sai in takardar murabus na aljihunsa, kuma akwai waɗanda suka yi hakan: a ranar da aka ɗage zaɓe Abdou Latif Coulibaly, sakataren gwamnati, ya ajiye aiki. Kaba ya zauna. Masu kare shi za su ce zaman irinsa a ciki ne ya sa aka sauka lafiya, ba a kai ga abin da ya faru a maƙwabta ba. Wataƙila. Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne dokar afuwar. Mutumin da ya shafe rayuwarsa yana gaya wa 'yan Chadi da Mauritaniya da Kwango cewa ba a yafe jinin wani a madadin iyalansa, shi ne shugaban gwamnati a makon da aka shafe irin wannan jini a ƙasarsa. Kaba na 2001 da ya ga wannan a wata ƙasa, da tuni sanarwa ta fito daga Paris.

Mutanen Chadi sun sami diyyarsu?

Tsugune ba ta ƙare ba. Kotun Dakar ta yanke a 2017 cewa a biya mutum 7,396 sefa biliyan 82, ta ɗora wa wani asusun Tarayyar Afirka nemo kuɗin daga dukiyar Habré da gudummawar ƙasashe. Asusun ya shekara da shekaru yana kan takarda. A Njamena ma wata kotu ta ɗaure tsofaffin jami'an DDS 20 a Maris na 2015, ta ce a biya sefa biliyan 75, rabi daga gwamnati rabi daga waɗanda aka ɗaure, a gina abin tunawa, a mai da hedikwatar DDS gidan tarihi. Tsofaffi maza da mata suka yi ta zaman dirshan a bakin titi a Njamena suna jira, ana ɗaukar gawar wasu daga cikinsu ɗaya bayan ɗaya. Sai a 2024 gwamnatin Chadi ta fara raba sefa biliyan 10, abin da ya kama ƙasa da miliyan ɗaya ga kowane mutum.